Malaman Ɗa'a Sun Tona Asirin Rumbun Baffana

Assalamu alaikum, Malam mai wannan fili. Don girman Allah ka daure ka karanta takardar nan har ƙarshe ka ba ni shawara kafin ruwa ya sauka, domin na rasa wanda zan gaya wa. Abokan aikina su suka yi abin, 'yan uwana kuma su aka yi wa. Abin da na gani da idona zan ce na gani, wanda aka gaya mani kuma zan ce an gaya mani. Sunayen malamaina na sauya su, don ba na son a ce na ci mutuncin wani a jarida.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Ƙanƙara da Faskari. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, yayansa Baba Barau ya riƙe ni, shi ne kuma ya tsaya aka bar ni a makaranta lokacin da dangi ke cewa a maido ni gona. Na gama digiri, na yi hidimar ƙasa, bana jami'armu ta ɗauke ni mataimakin malami a wata sabuwar cibiya mai nazarin ɗa'ar aiki. Abin da ake yi a cibiyar shi ne a haɗa ɗaliban likita da na shari'a da na aikin gona a aji ɗaya, a koya masu abin da ya dace da wanda bai dace ba idan suna aiki da mutane. Malamanta ma daga sassa dabam-dabam aka tattaro su. Shugabanmu Dokta Maharazu masanin falsafa ne, akwai Likita Suwaibatu, akwai Malam Zailani na aikin gona, akwai lauya da malamin fiƙihu. Yanzu da kuɗin man fetur ya shigo ba a hana mu komai ba. An ba mu jif sabuwa da direba, da rikoda, da ofis mai fanka. Ranar da na fara aiki na ɗauka Allah ya kai ni wurin da ba za a taɓa zaluntar kowa ba.

Bincikenmu na farko a kan ajiyar abinci ne: bayan farin da aka yi shekarun baya, nawa ya rage wa manoma a rumbu, don a gaya wa gwamnati gaskiya. Kafin mu fita, malaman suka zauna suka tsara ƙa'idoji, saboda an sha jin yadda wasu masu bincike ke shiga ƙauye su ɗebi jinin mutane, su ɗauki hotonsu, ba tare da an gaya masu dalili ba. Lauya ya ce kada a nemi izinin kowa sai a gaban shaidu biyu, don kada a matsa wa mutum a ɓoye, malamin fiƙihu ya goyi bayansa. Likita ta ce a tambayi mutum sau uku, kowane karo a tuna mashi yana da ikon ya ƙi. Dokta Maharazu ya ce kada a yi Turanci a gaban mai gida, duk abin da aka samu a faɗe shi a fili da Hausa, don kada a ɓoye wa mutum abin da ya shafe shi. Ni na buga waɗannan ƙa'idoji da tafireta, kuma ina alfahari da su a lokacin.

Da suka ce suna son gidan da aka sani da ajiya, na ambaci gidanmu. Baba yana da rumbun tsimi, wato wanda ake liƙe bakinsa da laka a bar shi don shekarar wahala. Babba ne, ana hango jinkarsa daga hanya ta saman darni. Tun ina yaro nake jin mutane na cewa muddin rumbun Barau na liƙe, babu wanda zai bar garin don yunwa.

Muka je bayan kaka. Baba ya yanka masu ɗan akuya, matarsa Inna Hajaratu ta yi tuwon dawa. Bayan an ci, aka kira mai unguwa da liman su zama shaidu, aka shimfiɗa masu tabarma kusa da rumbun. Mota ta riga ta tara jama'a, maƙwabta sun cika tsakar gida, mata suna leƙe ta bayan zana. Dokta ya kunna rikoda, ya ce ni zan yi tambayar, wai muryar da Baba ya sani za ta fi kwantar mashi da hankali.

Na tambaya karo na farko. Baba ya dube ni, ya ce ga rumbun da ake ci nan kusa, ai ba sai baƙi sun wahala da hawa ba. Malam Zailani ya ce na tsimin ake bukata. Na tambaya karo na biyu, na kuma tuna mashi yana iya ƙi, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya ce tsanin gidan ya tsufa, yana tsoron wani ya faɗo. Aka aro na maƙwabci, ni na ɗauko shi. Karo na uku ya dubi mai unguwa, ya dubi liman, sannan ya ce ai gidan ɗansu ne, su hau.

Malam Zailani ya hau, ya ɗaga jinka, ya fasa lakar, ya haska tocila. Sannan ya juyo ya faɗa da Hausa, da ƙarfi yadda rikoda za ta ɗauka, cewa babu komai a ciki sai ƙaiƙayi da kashin ɓera.

Liman ya miƙe ya ce lokacin salla ya yi, alhali rana ba ta ko karkata ba. Jama'a suka bi shi. Baba ya yi 'yar dariya, ya ce a kawo wa baƙi ruwa su wanke hannu, ya rako mu har bakin mota, ya yi mana addu'ar sauka lafiya.

Daga baya Inna Hajaratu ta gaya mani, ni ban gani ba, cewa a shekarar fari Baba ya riƙa ɗibar hatsin kaɗan-kaɗan yana aika wa dangi wajen Faskari, wani kuma ita ke kai wa gidajen da suka rasa, kamar daga hannunta ya fito. Duk ɗibar da ya yi sai ya sake liƙe bakin, don kada mutane su ga an taɓa shi zuciyarsu ta karaya su watse. Tun daga lokacin kuma gona ba ta ba da rarar da zai mayar ba.

Da na koma gida kwanan baya, babu wanda ya zagi Baba, kuma da zagi ne da ya fi sauƙi. Gaisuwar tausayi ake yi mashi. Matan maƙwabta suna aiko wa Inna da ƙwaryar gero, har da waɗanda jiya ita ke kai masu. Mutumin da ake kira idan za a raba gardamar iyakar gona, yanzu ya daina zaman ƙofar gida bayan la'asar, a masallaci kuma sahun baya yake tsayawa, da sallama ya fice. Ni bai yi mani faɗa ba ko kalma ɗaya. Sai dai sunan da yake kirana da shi tun ina yaro ya daina, yanzu Malamin Jami'a nake a bakinsa, kuma idan na shigo sai ya sa a shimfiɗa mani tabarmar baƙi.

Na samu Dokta Maharazu a ofis na gaya mashi duk wannan. Na ce maganar rumbun kusa da maganar tsani, ƙi ne Baba ya yi, yadda dattijo ke ƙi ba tare da ya kunyata ɗansa a gaban iyayen gidansa ba. Dokta ya saurare ni da kyau, wannan ba zan hana mashi ba. Amma ya ce an bi kowace ƙa'ida, ga muryar mai gida a kaset ya yarda, babu inda ya ce a'a. Ya ce abin da aka gano muhimmi ne, tunda ya nuna har waɗanda ake zaton suna da ajiya ba su da ita, kuma rahoton zai iya sa gwamnati ta gina rumbunan tanadi a gundumomi da yawa. Ya tambaye ni ko zan auna jin kunyar mutum ɗaya da yunwar dubbai. Ya ce cutarwar da cibiya ta lissafa ita ce ta jiki da ta dukiya da ta shari'a, Baba kuwa babu wadda ta same shi a cikinsu.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne, yanzu wannan kaset ɗin ake sa wa ɗalibai a aji, a matsayin misalin yadda ake neman izini na gari. Ina zaune a baya aka sa shi. Na ji muryar Baba a cikin lasifika yana maganar tsani, ɗalibai suka yi dariya, da ya ce su hau kuma wasu suka tafa. Mutanen da aka ba albashi da mota don su koya wa likitocin gobe yadda ake girmama mutum, su ne suke yawo da muryar dattijo a ranar da aka tona mashi asiri, suna cewa a yi koyi! Ba Turawa ba ne balle in ce ba su sani ba. Hausawa ne, sai dai a birni suka tashi, kuma ban yi zaton akwai wanda ya taɓa hawa rumbu a cikinsu ba in ban da Malam Zailani. Likita Suwaibatu ta gaya mani a baranda cewa ranar da aka fasa rumbun ta kasa cin abincin dare, amma a taron malamai ba ta ce uffan ba.

Ga inda nake. An yanke za a maimaita aikin a Sabuwa kafin ruwa ya ɓata hanya, da ƙa'idojin nan yadda suke. An zaɓi Sabuwa ne don an san dangin mahaifiyata suna can, kuma gidan Kawu Gide ake so in fara kai su. Kafin tafiyar kuma ana so in tsaya gaban aji in ba da shaidar yadda tsarin ya yi kyau a garinmu. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, kuma Dokta ne ya sa sunana cikin waɗanda za a tura ƙaro ilimi ƙasar waje. Bai yi mani barazana ba, kada in yi mashi ƙarya, amma na san abin da ƙi zai jawo.

Wani lokaci in ji kamar in amsa gayyatar ajin, in tsaya in faɗi komai a gaban ɗalibai, Dokta ya ji yadda ake ji. Wani lokaci in ji in ajiye aikin kawai. Wani lokaci kuma in ce wa kaina wataƙila rumbun Kawu cike yake, babu abin da zai faru. Malam, in kai su Sabuwa ko kada in kai su?

Naka, Ɗan Rakiya, daga ƙasar Ƙanƙara.

Wa alaikumus salam, Ɗan Rakiya. Na karanta har ƙarshe, kuma fushinka yana da dalili. Amma bari in fara da kai. Ka sauya sunayen malamanka don ka tsare musu mutunci, ka bar na baffanka da na ƙauyenku yadda suke, a takardar da za a karanta daga nan har bakin iyaka. Ni na cire sunan ƙauyen, na sauya na dattijon da na matarsa da na kawunka kafin a buga. Ban faɗi haka don in ƙara maka nauyi ba. Na faɗa ne don ka ga yadda kuskuren nan ke da sauƙin yi, har ga wanda yake cikin jin zafinsa. Ka kuma tuna kai ka ambaci gidan, kai ka ɗauko tsanin. Idan kai da ka tashi a gidan ba ka ji ƙin da ya yi ba sai daga baya, to ka shiga wurin Dokta da muryar wanda aka yi kuskuren tare da shi.

Malamanka ba miyagu ba ne. Kowace ƙa'ida da suka sa, wata cuta ta gaske aka so karewa da ita, kuma binciken yana da amfani, domin gwamnatin da kuɗi ya cika wa hannu tana bukatar wanda zai gaya mata abin da ke cikin rumbunan talakawa. Inda Dokta ya kauce shi ne awon da ya ba ka. Babu wanda ya ce sai an zaɓa tsakanin mutuncin baffanka da yunwar dubbai. Da Malam Zailani ya sauko ya raɗa wa mai gida abin da ya gani, rahoton gwamnati ba zai ragu da harafi ɗaya ba. Kuma izinin da aka karɓa a gaban mai unguwa da liman, daga bakin ɗan da mutum ya riƙa, bayan baƙi sun ci tuwonsa, ba izini ba ne, tunda ba a bar masa ƙofar ƙi ba. Shaidun da aka kawo su kare shi su suka ɗaure shi. Cewa kuma tonon asiri ba cutarwa ba ne, wannan ka bar wa malaminku na fiƙihu, ina jin yana da abin faɗa idan aka tambaye shi kai tsaye.

Kada ka tona wa Dokta asiri a gaban ɗalibansa. Za ka huce na yini ɗaya, shi kuma ya taurare, ƙa'idojin su tafi Sabuwa da wani ɗan rakiyar. Kada kuma ka ajiye aiki tukuna. Ka samu Likita Suwaibatu, ka roƙe ta ta raka ka, domin maganar da ta iya faɗa a baranda za ta iya faɗinta a ofis idan ba ita kaɗai ba ce. Ku je masa da gyara a hannu. A daina sa kaset ɗin a aji daga yau. A Sabuwa a aika wa mai gida saƙo tun kafin mota ta iso, ta bakin wanda ba ɗansa ba, a tambaye shi shi kaɗai, kuma duk uzurin da ya kawo, na tsani ne ko na tafiya kasuwa, a ɗauke shi a matsayin amsa a wuce. Abin da aka gani a rumbu mai rumbu kaɗai za a gaya wa. Kai kuma ka ce a fili ba za ka sake zama bakin da ake tambayar danginka da shi ba. Idan ya yarda, ka amsa gayyatar ajin, ka ba da labarin yadda ƙa'idoji masu kyau suka haɗu suka cuci mutum, ba suna, ba gari. Darasin da ɗaliban suka fi bukata ke nan, kuma malamin kirki zai gane haka ko da bai ji daɗi ba.

Baffanka kuwa, ka je a motar haya, kada ka je da buhun hatsi, domin ƙwaryar maƙwabta ta ishe shi ciwo. Ka same shi shi kaɗai, ka ture tabarmar baƙin ka zauna a ƙasa, ka ba shi haƙuri sau ɗaya a taƙaice, kada ka sa shi aikin rarrashinka. Kada kuma ka bi gari kana ba da labarin inda hatsin ya tafi don ka wanke shi. Ya ɓoye alherinsa da gangan, ba naka ba ne da za ka bayyana. Idan damina ta faɗi ka nemi hutu ka riƙe fartanya a gonarsa. Ba zai sauko da wuri ba, ka yi haƙuri da hakan.

Sauran tambayarka. Idan Dokta ya ƙi gyara, kada ka kai su Sabuwa. Kada ka ruɗi kanka da cewa wataƙila rumbun kawunka cike yake, haka ka zaci na baffanka. Ba zan ɓoye maka ba, ƙin zai iya cinye maka tafiyar ƙasar waje, har ma da kujerar aikin. Amma a wannan zamani ma'aikatu ne ke bin masu digiri da takardar ɗaukar aiki, ba za ka kwana da yunwa ba. Gidan da za ka shiga ba a shimfiɗa maka tabarmar baƙi ba kuwa, saura ɗaya gare ka, kuma yana Sabuwa.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya da taushin harshe a ofishin Dokta, ya sanyaya zuciyar baffanka a kanka, ya ba shi damina mai albarka.